Gasayar Inna da ruwan jarka

Inna ta dawo wurina da zama a Kano bayan rasuwar Baba, ƙarshen daminar 2022. Ba mace ce mai ƙorafi ba, abin da aka ajiye mata shi take ci. Sai wani dare muna tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, wai garin nan naku ba a samun gasaya?" Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, "kai" ɗin nan shi ne sunana a bakinta tun ina yaro. Na ce zan duba kasuwa. Na duba ɗin. Ga alayyafo, ga zogale, ga rama, ga kabeji tuli-tuli, amma duk mai ganyen da na tambaya sai ya ce in bari damina ta dawo. A wurinmu gasaya ba abar shukawa ba ce. Ruwa na sauka take fitowa da kanta a kan juji, a tsohon turke, a bayan katanga, mata su tsinka su yi kwaɗo, kaka na yi ta bushe a manta da ita.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san ta ko ido rufe, da wari ma kawai. Ganyenta kamar tafin hannu ne mai yatsu biyar, wani lokacin uku, wani lokacin bakwai. Jikin karan yana da ɗan gashi mai danƙo, idan ka murza sai ya bar maka wani wari mai hawa hanci. Masana tsirrai suna ce mata Cleome gynandra, kuma a ƙasashe irin su Kenya da Zimbabuwe noma ta ake yi sosai a kai kasuwa ɗauri-ɗauri. Da na ji haka sai na ce, abin da wasu ke nomawa a gona ai ba zai gagare ni a tsakar gida ba.

A watan Oktoba na je wani tsohon turken shanu a bayan unguwarmu, na tarar da gasaya ta tsufa a tsaye, ganye ya zube, sai kwanso sirara suna reto. Na tsinko cikin leda guda, na shanya, na murje. Irin ƙanana ne, baƙi-baƙi, idan ka kawo shi kusa da ido sai ka ga kowane ƙwaya a naɗe yake kamar 'yar mitsitsiyar katantanwa.

Shukar farko na yi ta a Nuwamba, kuma ba ta yi ba. Na zaɓi gindin darbejiyar gidanmu don ina ganin inuwa za ta rage mini shan ruwa. Na tona ramuka kamar mai shuka wake, na zuba iri na binne. Safe da yamma ina kwara bokiti guda har wurin ya zama caɓi. Mako biyu babu labari. Daga baya 'yan tsiro da ba su kai goma ba suka leƙo, dogaye, fari-fari, suna karkata wajen haske. Cikin kwana kaɗan gindinsu ya yi baƙi ya tsuke daidai inda ya taɓa ƙasa, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Abin ya dame ni ƙwarai, don Inna kan zo ta tsaya a wurin da safe ta duba, ta koma ɗaki ba ta ce komai ba.

Sai na tafi wajen wani dattijo mai lambu a gefen fadama, wanda nake sayen salak a hannunsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, gasaya na shuka ta ƙi." Ya tambaye ni yaushe na ɗebo irin, na ce wata guda kafin in shuka. Ya ce, "Malam, ai sabon irin gasaya barci yake. Ka taɓa ganin ta zubar da 'ya'ya da kaka su tsiro nan take? Sai sun sha rani a ƙasa tukuna." Ya ce in ajiye sauran irin ya yi wata uku ko huɗu, in jira sanyin hunturu ya sassauta, sannan kada in binne shi, kuma in fitar da shi daga inuwa. Maganar inuwar na sami dalilinta daga baya: gasaya tana sarrafa hasken rana irin yadda dawa da gero da masara suke yi, shi ya sa zafin da ke sa salak ya langaɓe ita ƙara mata ƙarfi yake, inuwa kuwa ta hana ta sakat.

Ƙarshen Fabrairun 2023 na sake gwadawa. Na yi fangali ɗaya a filin da rana ke duka tun hantsi har la'asar, tsawonsa mita 2, faɗinsa mita 1, na ɗaga shi sama da ƙasa kamar yatsu huɗu don kada ruwa ya kwanta. Ƙasar gidanmu jigawa ce, ruwa na zuba yake shigewa, don haka na haɗa ta da bokiti biyu na tsohon kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe ya yi laushi. Irin kuwa na cuɗa cokali guda da yashi cikin ƙwarya, na yafa, na barbaɗa ƙasa sama-sama yadda da ƙyar ta rufe shi, na danna da tafin hannu, na shimfiɗa tsohon buhun algarara a kai. Na sami gwangwanin madara na huda gindinsa da ƙusa wuri ashirin da wani abu, shi ya zama abin ban ruwana. Ta kan buhun nake zuba ruwan, ya sauka a hankali bai kwashe irin ya tara shi gefe ɗaya ba.

Rana ta biyar da asuba na ɗaga buhun, sai ga fangali ya yi kore-kore kamar an watsa masa gari. Na cire buhun a ranar, na kira Inna. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ita ce."

Daga nan aikin ya koma na ruwa, kuma a nan na fi koyon abu. Unguwarmu famfo ba ya kawowa, a wajen 'yan garuwa muke saye jarka-jarka, saboda haka kowane kofi da lissafinsa. Makonni biyun farko saiwar ba ta wuce tsawon gaɓar yatsa ba, saman ƙasa kaɗai take sha, shi kuwa saman jigawa a watan Maris kafin azahar ya zama toka. A wannan lokacin kaɗan-kaɗan nake ba ta, sau biyu a rana, bayan sallar asuba da bayan la'asar, gwangwani shida ko bakwai kowane karo, iyakar dai ƙasa ta yi danshi kada ta yi sheƙi. Da ta shiga mako na uku, ganye na gaskiya ya fito, na cire na cirewa na bar tazarar taƙi guda tsakanin kowane gindi, sai na juya tsarin gaba ɗaya. Na koma sau ɗaya a rana, da yamma, amma in ba ta ta ƙoshi, wajen kashi biyu cikin uku na jarka mai lita 25. Dalili shi ne gasaya tana da doguwar saiwa mai nutsawa ƙasa, kuma inda ruwa ya tsaya nan saiwar ke tsayawa. Idan kullum saman kake jiƙawa, a saman za ta zauna, ranar da ka makara kuwa ta gane kurenta.

Ma'aunina yatsa ne. Kafin in zuba, nakan soka manuniya cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In na ji sanyi kuma ƙasa ta manne a yatsan, sai in bar ta sai gobe. In ta fito a bushe tana zuba, a ba ta. Akwai kuma abin da ya ruɗe ni da farko: da tsakar rana, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ganyen yakan sunkuya kamar zai mutu, in ruga in ɗauko bokiti. Ashe ba kullum ƙishi ba ne, kafin magariba ya miƙe da kansa. Yaushin da ake tsoro shi ne wanda ka tarar da sassafe, wanda dare bai warkar ba.

Don rage sayen ruwa na sa wani baho a inda muke alwala, da ruwan wankin shinkafa da na gero, duk fangali suke tafiya. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu ne na hana, don sau ɗaya yara suka zuba a gefe guda, ƙasar wurin ta yi fari ta ƙame, ganyen ya ƙone daga baki. Na kuma samo ɓawon gyaɗa na baza tsakanin gindin, kaurin yatsu biyu. Wannan kaɗai ya sa wasu ranakun nake tsallake ban ruwa.

Tsinka ta farko ta zo cikin azumi, makon farko na Afrilu, tsayinta ya kusa gwiwa. Inna ce ta nuna mini yadda ake yi: kan ake tsinkewa da ganye uku ko huɗu masu taushi, a bar gindin, sai ya yi rassa biyu a inda aka cire ɗaya. Ita ta dafa da hannunta. Ta tafasa ta zubar da ruwan farko saboda ɗaci, ta sake dafawa har ya yi laushi, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatir, ta sa yaji da ɗan man gyaɗa. Da aka sha ruwa ba ta taɓa ƙosai ba, kwaɗon ta jawo. Ta ci loma biyu, ta ce Baba ya fi son a bar masa ɗacin kaɗan. Tun zuwanta gidan ranar ce ta fara yin zancensa da kanta.

Kuskuren da ya fi koya mini hali ya zo da ƙaramar Sallah. Muka tafi ƙauye kwana huɗu, na bar wa wani yaron maƙwabta amanar ban ruwa, shi ma hidimar Sallah ta ɗauke masa hankali. Da muka dawo gasayar ba ta mutu ba, ko ɗaya. Amma kusan kowane kai ya yi huda, cikin mako guda fangalin ya zama fari fat da fure. Sabon ganyen da ke fitowa ya ƙanƙance, ya yi kauri, ɗacinsa ya ƙaru. Gindi biyar ne kawai suka ci gaba da ba da faffaɗan ganye, su ne na ƙarshen fangali kusa da rariyar da ruwan alwala ke bi, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa sosai ba. Da na ga bambancin nan ido da ido na fahimci abin da ke faruwa. Gasaya shekara ɗaya gare ta, ba ta da wata damina ta biyu. Muddin tana samun ruwa za ta yi ta ganye, da zarar ta ji ƙishi mai tsanani sai ta ɗauka rani ya zo, ta bar ganye ta hanzarta yin fure da iri kafin ta mutu. Shi ya sa ba ta ƙarewa a juji ko da an yi fari. Mai son ganye kuwa dole ya hana ta jin wannan ƙishin, kuma duk hudar da ta fito ya tsinke ta tun tana ƙarama. Na bi su ina tsinkewa, na dawo da ruwa, wajen rabi suka sake yin toho mai kyau, sauran sun riga sun yi nisa.

Waɗanda suka yi nisan na bar su, kuma ban yi da-na-sani ba, don sai a lokacin na tsaya na kalli furen gasaya da kyau, abin da na shekara arba'in ina wucewa a hanya. Kowane fure ganye huɗu ne farare, duk sun ɗaga sama gefe guda, daga tsakiyarsu wasu dogayen zare masu ruwan shuɗi-ja sun miƙo waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Daga ƙasa yake fara buɗewa yana hawa, yadda za ka ga kara ɗaya da kwanso a ƙasa, fure a tsakiya, huda a ƙoli. Da sanyin yamma ya fi kyau, da safe kuma ƙudan zuma su cika wurin. 'Yata ƙarama takan tsuguna ta ƙirga zaren, kullum shida take samu.

Ƙwari ba su dame ni sosai ba. Darɓa ta taɓa kama ƙarƙashin ganyen wasu gindi, na jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, na tace na yayyafa da yamma sau biyu, ta tafi.

Kwanson kuwa yana son a sa masa ido. Idan ya bar kore ya koma ruwan ɗorawa, lokacin cirewa ya yi, in ka ƙara kwana biyu ya tsage da kansa ya watsar da irin. Da yawa sun riga ni. Ruwan farko na sauka a watan Yuni, duk da barcin da sabon iri yake yi, gasaya ta fito ko'ina a tsakar gidan, har cikin tsagar siminti, ba wanda ya ba ta ko kofi. A watan Agusta, da ruwa ya yi yawa, waɗanda suka fito a kwari inda ruwa ke kwana suka yi rawaya suka ruɓe, na kan fangalin da aka ɗaga suka tsaya lafiya har kaka.

Irin da na samu na shanya shi kwana uku a inuwa, na zuba a kwalba da ɗan toka, na rubuta watan da na cire a jikin takarda na manna, don in san lokacin da zai gama barcinsa. Bana fangali biyu na yi, na raba shukar da tazarar mako uku, yadda idan na farko ya fara tsufa na biyu ya kawo. Inna ce ke riƙe da gwangwanin yanzu. Takan fito bayan la'asar ta soka yatsa a ƙasa, in ta ji danshi ta ce wa jikokinta, "Ku bar ta yau, ta ƙoshi."