Kwamfutar da Take Ɗaukewa da Sauran Caji: Inda Na Kai a Mako na Uku

'Yan uwa masu koyon gyaran kwamfuta, yau mako uku ke nan ina fama da wata kwamfutar tafi-da-gidanka da wata ɗaliba ta kawo shagon maigidana da ke kusa da kasuwar Wunti, nan cikin Bauchi. Kokenta shi ne tana tsakiyar rubuta kundin kammala karatunta, allo yana nuna saura caji kashi 40 cikin ɗari, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif ba gargaɗi, aikin wuni guda ya salwanta. Da maigida ya miƙo mini ita ya ce, "Kada ka taɓa bod (babban farantin da sassan kwamfuta ke haɗe a kai) tukuna, ka fara gano mai laifi."

A makon farko na cire batirin, na jona caja kaɗai, na bar bidiyo yana tafiya har awa huɗu, kuma ko gezau ba ta yi ba. Na kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, tunda zafi ma yana sa kwamfuta ta kashe kanta, amma da na mayar da batirin sai matsalar ta dawo. Umarnin powercfg /batteryreport na Windows ya nuna an ƙera batirin da ƙarfin mWh 47,520 (mWh ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa ne), yanzu kuwa ba ya riƙe fiye da 31,000. Batiri ya tsufa, babu shakka, sai dai tsufan bai isa ya bayyana mutuwa a kashi 40 ba. Na cika shi, na sauke shi har ƙasa, na sake cikawa don lissafin cajin ya daidaita, hakan bai amfana komai ba.

Sai a wannan makon, maigida yana tsaye a kaina, muka tsaga kwanson batirin a hankali. Ƙwayoyi shida ne irin 18650, wato masu kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, an haɗa su bibbiyu, rukuni uku a jere. Kowane rukuni yana cika a bolt 4.2, jimilla 12.6. Da na ɗora mitar auna wuta babu abin da ke jan wuta, rukuni biyu sun ba da 3.9, na uku ya ba da 3.7, har na ɗauka lafiyarsu ƙalau. Maigida ya ɗauko ƙwan fitilar mota mai bolt 12 ya jona. Ina kallon mita, biyun suka ɗan rusuna suka tsaya, na ukun kuwa ya zube ƙasa da bolt 3 kafin minti guda. A nan na fahimci abin da ke faruwa: ƙaramin bod ɗin da ke cikin batirin yana sa ido a kan kowane rukuni, kuma da zarar ɗaya ya faɗi ƙasa da iyaka sai ya yanke wutar gaba ɗaya don kare ƙwayoyin, ko da sauran suna da caji. A ganina, awon da aka yi wa batiri yana zaune bai cancanci a gina hukunci a kansa ba.

Ɗalibar ta ce a kan katifa take aiki, caja a jone dare da rana, har a zafin Afrilu. Zafi tare da zama a cike kullum su ne suka fi saurin lalata irin waɗannan ƙwayoyin.

Na so in canza rukunin da ya lalace kawai, maigida ya hana. Sababbin ƙwayoyi ba sa tafiya daidai da tsofaffi, dalma mai zafi tana cutar da su, kuma wasu batiran suna kulle kansu har abada idan aka raba su da ƙwayoyinsu. Ina roƙonku kada wanda ya tsaga batiri shi kaɗai, wanda ya kumbura kuma kada a matsa shi ko a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Mun naɗe bakin ƙwayoyin da salatif mun ajiye su cikin bokitin yashi. Sabon batiri zai iso ranar Litinin, kuma ba zan miƙa mata kwamfutar ba sai na ga ta sauka daga kashi 100 zuwa kashi 5 a gabana ba tare da ta ɗauke ba.