Abin da kalmar "smog" ta koya mini a aikin fassara

Fassara rahoton yanayi a gidan rediyo ta sa na saba da kalmomin hazo na Turanci. Masana yanayi ba sa cewa "fog" sai ɗigon ruwan da ke yawo a iska ya hana a hango abin da ya kai nisan kilomita 1. In bai kai haka tsanani ba, "mist" ne. A Turancin ƙarni na 14 ma, "fog" ciyawa ce, wadda ke sake tsirowa bayan an yi yanka. Sai a ƙarni na 16 ta bayyana da ma'anar hazo.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "smog", haɗin "smoke", wato hayaƙi, da "fog". Wani likita, Henry Antoine Des Voeux, ya yaɗa ta a wani taron lafiyar jama'a a Landan a 1905. A ganina ba ƙaramin aiki ya yi ba, domin ya ɗora laifin inda ya dace: hayaƙin kwal ɗin da mutanen birnin ke ƙonawa ne, ba aikin damina ko sanyi kaɗai ba.

Duk da haka ba a ɗauki ƙwaƙƙwaran mataki ba sai da ta ɓaci. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 iska ta tsaya cik a Landan, ga sanyi, kowane gida ya hura kwal. Iska mai ɗumi ta danne mai sanyi daga sama, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Har ta kai kwandasta na sauka ya yi gaba da fitila a hannu, bas na bin sa a hankali. Da farko an ƙiyasta mutum 4,000 suka mutu, bincike daga baya ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 majalisar Birtaniya ta kafa dokar tsabtace iska.

Shi ya sa ba na barin kalmar hazo ita kaɗai a rubutuna. Namu na hunturu ƙura ce busasshiya, wadda mafi yawanta iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi. In ƙura ce na ce ƙura, in hayaƙin janareta da ƙona shara ne na faɗa ƙarara, domin uwar da ɗanta ke da asma tana sauraro, kuma da abin da ta ji za ta yanke shawarar ko ya fita makaranta da safe.