Talata, a ofishin gidaje

Na wayi gari cikin nishaɗi, domin Auta ta tafi makaranta ba tare da rigima ba, rana kuma ta leƙo bayan kwana huɗu ana yayyafi. Da ƙarfe goma na raka Kawu ofishin gidaje na ƙaramar hukuma, tunda yau mako biyu ke nan yana kwana a kujerar falonmu, bayan an sayar da gidan da yake haya.

Matar da ta saurare mu ba ta wulaƙanta mu ba. Ta bayyana mana cewa a nan Ingila, bisa dokar 2017 kan rashin muhalli, duk wanda ya cancanci taimako za a yi kwana 56 ana taya shi neman muhalli, amma wurin kwana sai ga waɗanda doka ta sa a sahun gaba: mai juna biyu, wanda ƙananan yara ke zaune tare da shi, yawancin 'yan shekara 16 da 17, wanda gobara ko ambaliya ta raba da gidansa, sannan tun 2021 wanda cin zarafi ya kora daga gida. Saura kuwa sai sun nuna cewa saboda dalili irin su tsufa, ciwo ko nakasa, rashin muhalli zai yi musu illar da ta wuce ta sauran mutane. 'Ya'yan Kawu suna wurin mahaifiyarsu, kuma zuwan da suke yi masa ranar Asabar bai shigar da shi sahun ba.

Sai ta tambaye shi lafiyarsa, ya ce ƙalau yake, ya gode wa Allah. Gabana ya faɗi, domin mutumin nan yana yi wa kansa allurar ciwon suga safe da yamma, kuma maganin a firiji ake ajiye shi. Na ce masa da Hausa, "Kawu, don Allah ku faɗa mata maganar allurar." Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ai mutum ba ya tallar ciwonsa." Da ƙyar ya yarda na yi bayani, yana kallon ƙasa kamar an kama shi da laifi, alhali haƙƙinsa kawai yake nema. An tarbiyyantar da shi a kan rufin asiri, ga shi yau an ce sai ya baje rauninsa a gaban baƙuwa kafin a ba shi ɗaki, kuma wannan ne ya hana ni sukuni har dare. A Sukotland kuwa an soke wannan tantancewar ta 'yan sahun gaba tun ƙarshen 2012.

Ta nemi takardar likita, ta kuma ce idan hukunci bai yi mana daɗi ba, muna da kwana 21 mu nemi a sake dubawa. A hanyar dawowa bai ce da ni komai ba, tuwon dare ma kaɗan ya taɓa. Gobe da ƙarfe takwas zan kira asibitinsa saboda takardar, idan ya ba ni izini.