Mongoliya da masu cewa gara soja

Duk sanda kuɗin buhun shinkafa ya tashi a Kasuwar Singa, sai ka ji wani a majalisa ya ce gara soja su dawo. Maganar tana ci mini rai, musamman daga bakin wanda ya sha layin mai a zamanin Abacha. Shi ya sa nake so mu dubi Mongoliya, ƙasar makiyaya da ke matse tsakanin Rasha da Sin.

Kusan shekara 70 jam'iyya ɗaya ta 'yan gurguzu ke mulkinsu. A watan Maris na 1990 matasa suka shiga yajin cin abinci a dandalin Sukhbaatar da ke birnin Ulaanbaatar. Shugaban ƙasar, Jambyn Batmonkh, ya ƙi yarda a murƙushe su, manyan jam'iyya suka yi murabus. Aka yi zaɓe a Yulin shekarar, sabon tsarin mulki ya biyo baya a 1992.

Sai wahala ta zo. Tallafin Tarayyar Sobiyat ya yanke, masana'antu suka rufe, abinci ma sai da kati. A 1998 aka kashe Sanjaasurengiin Zorig, ɗaya daga cikin jagororin matasan nan, a gidansa. A 2008 rikicin zaɓe ya ci rai 5, aka ƙone hedikwatar jam'iyya mai mulki. Akwai dattawan da har yanzu suke kewar zamanin da kowa ke da aikin gwamnati, kuma ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta san aƙida ba.

Abin da ya kama zuciyata shi ne inda suke kai fushinsu. A Disambar 2022, da maganar satar kwal da ake kaiwa Sin ta fito, matasa suka cika dandalin nan cikin sanyi mai daskarar da ruwa, suna neman a faɗi sunayen ɓarayin. Sunaye suka nema, da shari'a. A Yunin 2025 firaminista Oyun-Erdene ya sauka, bayan makonni ana zanga-zanga kan facakar da ɗansa ke yi, majalisa kuma ta ƙi mara masa baya. Mutumin da ya hau mulki da alƙawarin yaƙi da cin hanci ne fa. Jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a majalisar mai kujera 126, amma hakan bai cece shi ba, kuma ba a harba harsashi ko ɗaya ba.