Mai zanen dawaki da ba ya sa takalmi

A shagon rubuta allon talla da nake aiki a Jidda akwai wani abokin aikina ɗan Indiya. Muna shan shayi bayan La'asar ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Malam, ga ɗan sana'arku." Dawakai ne, an ja su da baƙin layi mai kauri, baki a wangale kamar suna haniniya. Aikin M.F. Husain.

Ashe mutumin da zanen manyan allunan tallan sinima ya fara a Bombay, kuɗin da ake biyansa bai taka kara ya karya ba. An haife shi a 1915, yana cikin matasan ƙungiyar masu zane ta Progressive Artists' Group da aka kafa a 1947, shekarar da Indiya ta samu 'yancin kai. Har ya yi suna ya yi kuɗi bai daina yawo ba takalmi ba. Wasu zane-zanensa na allolin Hindu sun jawo masa ƙararraki, ya bar ƙasar a 2006, Katar ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2010, ya rasu a Landan a 2011.

Ya kuma nuna min aikin S.H. Raza, wani mai zane ɗan Indiya mai sa baƙin ɗigo a tsakiyar launuka, wanda ya shekara sittin a Faransa. Ni dai dawakan suka fi shiga raina. Da dare na gwada jan wuyan doki a bayan tsohon kwali, ya fito sak na raƙumi.