Abin da tausar wuya ta koya mini game da alkawari

Ranar da na fara koyon tausar magudanan limf, wato ƙananan hanyoyin da ke kwashe rarar ruwa da datti daga sassan jiki, malamarmu ta riƙe mini hannu ta ce, "Kin cika nauyi. Fata kaɗai za ki ja." Ni da na saba danna tsoka sai da na yi makonni kafin hannuna ya yarda. Magudanan nan a ƙarƙashin fata suke, sirara ne, idan aka danne su toshewa suke yi. Emil Vodder, ɗan ƙasar Danmak, shi da matarsa Estrid ne suka tsara wannan salo a shekarun 1930, kuma har yau daga gindin wuya ake farawa, inda ruwan limf ke komawa cikin jini.

Me ya haɗa wannan da ƙwaƙwalwa? An daɗe ana koyar da cewa ba ta da magudanan limf. Sai a 2012 Maiken Nedergaard da abokan aikinta a Jami'ar Rochester ta Amurka suka nuna yadda ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa yake bin gefen jijiyoyin jini ya ratsa cikinta, ya kwaso datti ya fito. Suka raɗa wa tsarin suna gilimfatik. A 2015 masu bincike a Jami'ar Virginia da wasu a Helsinki ta ƙasar Finland suka gano magudanan limf a cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma ga shi suna zuba a kaluluwar wuya. Wato daidai inda hannuna yake wuni.

Na yi murna ba kaɗan ba. Jiki yana samar da kusan rabin lita na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kullum, dole ya sami mafita, ni kuma ga ni a bakin ƙofar. Sai na fara gaya wa marasa lafiya cewa tausar tana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta wanke kanta.

Wata baiwar Allah ce ta taka mini birki. Ta kawo mahaifinta da ciwon wuya, amma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, har sunanta yana ɓace masa. Da ta ji maganata sai ta ce, "Likita, kina nufin idan muka dage Baba zai dawo yana gane ni?" Ban taɓa jin nauyin bakina kamar ranar ba. Na ce mata a'a, ba ni da hujjar hakan. Na ga yadda fuskarta ta sauya, kuma ni ce na ɗora mata wannan buri.

Daren nan na koma na karanta binciken da kyau. Mafi yawansa a kan ɓeraye aka yi. Ko aikin da masana a Koriya ta Kudu suka fitar a 2025, wanda ya nuna shafar fuska da wuya tana ƙara fitar ruwan, da na'ura aka yi shi a jikin ɓera, ba da hannun mutum a jikin mutum ba. Abin ƙarfafa gwiwa ne, ina kuma fatan ya tabbata. Amma tsakanin "ruwa ya ƙara gudu a ɓera" da "tsoho ya tuna 'yarsa" akwai tafiya mai nisa da ba a yi ba tukuna. Ita kuwa tausar ƙoƙon kai da ake tallatawa, wadda masu yin ta ke cewa suna jin bugun ruwan ƙwaƙwalwa da hannu, an gwada masu yin ta biyu a kan mutum ɗaya, bugun da kowannensu ya ce yana ji bai zo daidai da na ɗayan ba.

Ban daina tausar ba. Tana rage kumburi, tana sassauta wuya, mutane da yawa suna samun natsuwa. Sai dai yanzu ina fara tambaya ko akwai ciwon zuciya, gudan jini a jijiya ko zazzaɓi, domin mai irin waɗannan ba a taɓa shi, kuma ba na danna gefen maƙogwaro inda babbar jijiyar jini take. Wanda ya tambaye ni batun ƙwaƙwalwa, sai in tambaye shi barcinsa, hawan jininsa, da ko yana motsa jiki.

Baba ya ci gaba da zuwa don wuyansa. Yakan yi barci kafin in gama, 'yarsa tana zaune riƙe da hularsa.