Hoto 140, babu mutum ko ɗaya a ciki

Aikin farko da aka ba mu a karatun digiri na biyu a Glasgow, a fannin adana tsofaffin gine-gine, bai yi kama da abin wahala ba. Aka ce kowa ya zaɓi wuri mai tarihi da zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, ya je ya gani, ya rubuto shafi goma. Ni da na yi karatun zanen gini a gida, na kuma yi shekara uku a ofishin zane kafin in taho, sai na ce a raina wannan ai shan ruwa ne. Na zaɓi fadar garin Balloch da lambun da ke kewaye da ita saboda kuɗin jirgin ƙasa ba yawa, shiga kuma kyauta. Ba wani zurfin tunani ba ne ya sa.

Daga tashar Queen Street zuwa Balloch kusan minti 50 ne, kuma nan layin dogon ya ƙare. In ka fito ka haye gadar kogin Leven, ka bi bakin ruwa inda aka ɗaure ƙananan jiragen ruwa a jere, ka shiga lambun ke nan. Faɗinsa ya kai eka 200, a kudancin tafkin Lomond, wanda ya fi kowane tafki a tsibirin Birtaniya faɗi, kimanin murabba'in kilomita 71. Ni dai ban tsaya kallon ruwa ba ranar. Tudu na nufa kai tsaye, inda fadar take zaune da hasumiyoyinta da haƙoran saman garunta masu kama da zankayen soro. A kulle na same ta. Na zaga ta sau uku, na ɗauki hoto ta gaba da ta baya da ta kusurwa, na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa don hasumiyar ta fito da tsawo. Duk wanda ya gitta da karensa sai in jira ya wuce kafin in danna. Kafin la'asar, wadda a watan Nuwamba can take zuwa da wuri ƙwarai, na kamo jirgin komawa da hoto 140 a waya.

Daren nan na tattaro abin da na samu a intanet na rubuta rahoto. A layin farko na ce sarakunan Lennox ne suka gina fadar Balloch a shekarar 1238, kuma har yau tana tsaye tana kallon tafki.

Kafin in miƙa, na tura wa mahaifina hotuna biyu ta WhatsApp, don dai ya ga inda ɗansa yake yawo. Baba magini ne, magini ɗan magini, tubali da azara da makuba ya sani, bai taɓa shiga aji ba in ban da na allo. Na ce masa, "Baba, kun ga kagarar yaƙin Turawa, ta kusa shekara ɗari takwas." Ya yi shiru, na san yana matso da wayar kusa da ido ne. Sai ya ce, "Kai, wannan ba gidan yaƙi ba ne. Dubi tagogin ƙasa. Wanda yake tsoron kibiya ba ya buɗe taga haka, har doki ya shige ta. Wannan mai kuɗi ne ya gina don a gan shi." Na yi dariya, na ce masa ai ginin Turawa daban yake da namu. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Bayan mako guda malamarmu ta dawo mana da takardu. Sauran ɗalibai da sunanta suke kiranta gatsau, ni kuwa har na gama bakina bai iya ba, Dakta nake cewa. Ta zagaye 1238 da jan biro, ta rubuta a gefe: wane ginin? Da na je ofishinta ta buɗe wata tsohuwar taswira ta nuna mini cewa fada biyu ce a wurin. Ta sarakunan Lennox, wadda aka gina wajen 1238, tana can ƙasa kusa da inda kogin Leven yake fita daga tafki, kuma masu ita sun bar ta wajen 1390 suka koma tsibirin Inchmurrin da ya fi tsaro. Abin da ya rage nata ɗan tudu ne da alamar gwalalo. Wanda na yi wuni ina ɗauka hoto kuwa, tsakanin 1808 da 1809 aka gina shi. Wani mai zanen gini daga Landan, Robert Lugar, ya zana wa John Buchanan na Ardoch, attajiri mai hannu a harkar banki a Glasgow. Hasumiyoyin ado ne, haƙoran garun ado ne; yayi ne na wancan zamani mai dukiya ya sa wa gidansa rigar mayaƙan da. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma kuskuren nawa ya kusa shekara 570.

Ban gaya mata abin da Baba ya ce ba. Kunya ce ta hana ni, kuma ba ta Dakta ba.

Sai ta ce in nuna mata hotunan. Tana turawa da yatsa, tana turawa, har ta kai ƙarshe. Ta ɗago ta ce, "Ranar da ka je an rufe lambun ne?" Na ce a'a, cike yake da jama'a. Ta ce, "To ina suke?" Ta ba ni mako biyu in sake, da sharaɗi ɗaya: in bar waya a aljihu, in tafi da littafi da fensir. Fensir fa, ta jaddada, don biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗin zangon.

Zuwa na biyu ranar Asabar ce, ana yayyafin nan nasu da ba ya tsanani kuma ba ya ɗaukewa. Na fara da neman tsohuwar fadar, sai na tarar na bi ta gefenta a zuwan farko ban ko waiwaya ba. Ƙasa ce ta ɗan kumbura, ciyawa ta rufe, da wani kwari mai dausayi a gefe wanda in ba an faɗa maka ba za ka ce ruwan sama ne ya zaizaye. Na tsaya a kai na juya. Daga nan ne ka gane hikimar masu ginin farko: bakin kogi ne, duk kwalekwalen da zai fita daga tafki ya gangara kudu dole ya wuce ta gabansu. Su ba kallo suka zo yi ba, hanya suka tsare. Buchanan kuwa da ya zo bayan shekaru ɗaruruwa, tudu ya hau, inda ido zai ci nisa.

Ina tsaye a wurin sai ganuwar garinmu ta faɗo mini a rai. Shekara nawa ina wucewa ta gefenta a kan acaɓa, ina ganinta tarin jar ƙasa da yara ke hawa, ban taɓa sauka na tambayi me ya sa ta lanƙwashe a nan ta miƙe a can ba. Sai da na biya kuɗin jirgin sama na zo ƙasar sanyi na tsaya a kan kufai kafin tambayar ta zo mini.

Daga nan na hau tudu, amma wannan karon na juya wa fadar baya na zauna a benci. Abin da ya kamata in gani tun farko yana nan a shimfiɗe. Ciyawar tana gangarawa a hankali daga ƙofar gidan har bakin ruwa, ba katanga ba shinge. Manyan itatuwan da na ɗauka tsirowa suka yi da kansu, dasa su aka yi rukuni-rukuni a dama da hagu, aka bar tsakiya a buɗe don ido ya zarce kan tafki da duwatsun da ke bayansa. Wanda ya dasa su ya san ba zai ga girmansu ba. Rabin aikin ginin gidan nan ba dutse ba ne, wannan gangaren ne, kuma shi ne rabin da har yanzu yake aiki. A lokacin yaƙin duniya na farko hukumar birnin Glasgow ta saye gidan da filinsa don jama'a su samu wurin shan iska, a 1980 aka mai da shi lambun shaƙatawa na karkara a hukumance, a 2002 kuma ya shiga cikin gandun ƙasa na Loch Lomond da Trossachs, na farko a Sikotlan. Kallon da mutum ɗaya ya tsara wa tagar ɗakinsa ya zama na duk wanda ke da kuɗin tikiti.

Na yi awa uku a bencin nan ina ja wa kowane mai wucewa layi a littafi. Abin da na gani ba ya cikin ko ɗaya daga abin da na karanta. Yawancin mutane ba sa ko ɗaga kai su dubi fadar. Suna zuwa gabanta, su juya, su tsaya kallon ruwa, su gangara. Masu karnuka suna gaisawa da sunan karen kafin na mai shi (wannan har na baro ƙasar ban saba da shi ba). Akwai wata siririyar hanya da ƙafa ta fitar a ciyawa, ta yanke kwana tsakanin hanyoyi biyu na kwalta, ta zama caɓi amma ba a daina bin ta ba. Na zana ta a taswirata da ɗige-ɗige. Dakta ta ce daga baya wannan layin ya fi duk shafukan rahotona na farko amfani, domin ya nuna inda mai tsari ya ce a bi da inda jama'a suka ce za su bi.

Wajen azahar wasu iyali suka sauka kusa da ni, da alama 'yan asalin Fakistan ne, da fulas biyu da kular shinkafa. Dattijon ya shimfiɗa ledar zama a ƙarƙashin itace ya tayar da salla, na bi shi. Da muka sallame matarsa ta miƙo mini shayi mai citta ba tare da ta tambaye ni ko ina so ba. Na tambaye shi ko ya san tarihin gidan. Ya ce tun yana saurayi yake zuwa nan, bai taɓa sanin sunan wanda ya gina shi ba, amma ya san wane benci ne iska ba ta bugu, da wane lokaci ƙananan ƙudajen nan masu cizo ke fitowa da rani. Ya nuna mini bakin ruwa ya ce ko kusa ba ya barin jikokinsa su shiga, ruwan yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko da rana ta ƙwalle, kuma ƙasan yana zurmawa farat ɗaya. A watan Yulin 2021 mutum huɗu ne suka nitse a tafkin cikin ƙarshen mako guda, ɗayansu a nan bakin lambun. Na gangara na ƙirga tayoyin ceto masu ruwan lemo da aka rataye a gaɓa, na sa su a taswira. A tsarin rahotona na farko ko wurin da zan rubuta irin wannan babu.

A rahoto na biyu na raba wurin gida uku: kufan da ba a gani, gidan da ake gani amma ba a shiga, da filin da ake amfani da shi kullum. Na yi gardamar cewa in kuɗin gyara ya zo, kada a fara tambayar yadda za a mai da gidan kamar yadda yake a 1809, a fara tambayar me mutanen da ke wucewa ta ƙofarsa suke bukata wanda rufi da bango za su ba su, ko da wurin fakewa daga ruwa ne da shan shayi. Wasu a ajin ba su yarda ba, suna ganin hakan rage wa gini daraja ne. Har yanzu ina kan bakata. Tun ina yaro nake jin Baba yana cewa ɗakin da ba a kwana a ciki shi ke fara faɗuwa, don ba mai ganin yoyon farko. A ajin ma abin da aka koya mana ke nan, sai dai da dogon Turanci da hotunan ruɓaɓɓen katako.

Wata ɗabi'a kuma ta kama ni tun daga lokacin. Duk shekarar da zan rubuta a jikin gini, sai na tambayi kaina wane bango take nufi, sai na je na taɓa bangon in da hali. Ya rage mini sauri sosai, abokan aikina na yanzu suna ƙorafi.

Ranar da sakamako ya fito na kira gida. Na ce, "Baba, maganarku ce daidai. Gidan attajiri ne, shekararsa ɗari biyu da 'yan kai." Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce in sake turo masa hoton, wanda saman ginin ya fito. Na tura. Can sai ya ce, "Ban ga indararo ba. Ruwan saman nan ta ina yake sauka?"

Na duba hotunan nan 140 ɗaya bayan ɗaya, na duba littafina. Na ce masa zan koma ranar Asabar.